Kujera Biyu a Motar Malam

Ni ƴar kasuwa ce, ɗiyar ƴar kasuwa. Daga Maradi iyayena suka zo Yamai tun ban iya tafiya ba, kuma abin da na fara koya daga bakin innata, tun kafin in iya ɗaura ɗankwali, shi ne kada in sayi abin da ban san kuɗin sayar da shi ba. Ita in za ta sayi ƴan kunne na zinari ba ta farawa da "nawa ne?" Sai ta nuna su da baki ta ce wa mai shago, "Ina da irin waɗannan a gida, in na kawo maka nawa za ka ba ni?" Abin da ya faɗa shi ne darajar kayan, sauran duk surutu ne. Da wannan dabara na yi shekara talatin da ƴan kai ina sayar da atamfa da leshi a Babbar Kasuwa, kuma ban taɓa sayen kayan da suka kwanta mini ba.

Mijina kuwa malamin lissafi ne a wata lise, makarantar sakandare, can Lamorde, hayin gulbi. Ina ce masa Malam, shi kuma yana ce mini Hajiya tun ban je Makka ba, wai don in ji kunya in yi haramar tafiya. Mutum ne mai sanyi, ba ya faɗa, bai iya ciniki ba. Duk abin da mai tumatir ya ce masa, zai biya har da godiya. A kan moto, wato babur, ya yi duk shekarun aikinsa. Kullum da safe mu fito daga gidanmu na Banifandu, ni a baya na karkace, hannu ɗaya a jakata ɗaya a rigarsa, ya sauke ni bakin kasuwa ya wuce ya haye gada. In zan yi masa magana a hanya sai na ɗaga murya, in ya amsa kuma iska ta tafi da rabin amsar. Ƙeyar mutumin nan na san ta ciki da bai.

Abu ɗaya na san yana so a duniya ban da littattafansa. A cikin murfin kabad ɗinsa akwai hoton wata mota da ya yanko daga tsohuwar kalanda tun muna sababbin aure. Ja ce wur, gajera, ta kwanta ƙasa kamar kunkuru, ƙofa biyu, kujera biyu, irin motocin nan da aka yi don gudu ba don ɗaukar buhu ba. Sau uku muna ƙaura, sau uku hoton yana bin mu. In na ga ya buɗe kabad ya daɗe a tsaye sai in ce, "Malam, ka gaida motarka?" Ya ce, "Na gaishe ta, tana amsawa."

Shekarar da ya ajiye alli, abu biyu suka zo mana tare. Aka ba shi kuɗinsa na sallama, aka kuma sayi wata gona da ya gada a ƙauyensu, ya zamana karo na farko a rayuwarsa yana da abin da za a kira kuɗi. Sai kuma ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi ya taɓa masa ido. Ni na raka shi asibiti wurin lokotoron ido, kuma mutumin bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce, "Za mu yi magani mu rage wa abin gudu, amma ba za mu tsayar da shi ba. Karatu da tuƙi, ka ɗauka kana da shekara biyu. In Allah ya ƙara, sai godiya."

Muka dawo gida. Bayan la'asar ina zaune a tabarma ina tsince shinkafa, sai ya fito da hoton nan ya ajiye mini a gefen faranti.

"Hajiya, ina son wannan. Yara sun kama gabansu. Shekara biyu nake roƙo."

Wallahi faɗa ne ya fara zuwa bakina. Mutum ana ce masa idonsa zai tafi, shi kuma mota yake tunani! Amma na dubi hoton, na dube shi, sai na haɗiye faɗan. Na ce na yarda, da sharaɗi guda: ni zan zaɓa. Tunda bayan shekara biyu dole a sayar, to sai a sayi wadda kuɗinta zai dawo, don magani ba ya jiran kowa. Ya yi murmushi ya ce, "Ai shi ya sa na auri ƴar kasuwa."

Washegari na sa leshina mafi tsada, na zuba zinarina, na jefa hoton a jaka, na nufi filayen da ake jera motocin da aka shigo da su daga Lome da Kwatano. Duk inda na shiga sai in fito da hoton in ce, "Maigidana yana da irin wannan, yana so ya rabu da ita. Nawa za ku ba mu?" Na farko dariya ya yi. Ya ce, "Ja? Haba Hajiya, jar mota sai mawaƙi ko ɗan ƙwallo, su kuma kallo suke yi su tafi." Na biyu ya ce ta yi ƙasa da yawa, cikinta zai riƙa gaisawa da kowane tudu a garin nan. Na uku ya kawo hoton kusa da hancinsa ya ce ƙirar Turai ce, in fitilarta ta fashe sai na yi wata uku ina jiran wata daga ƙetare.

Mako guda na yi ina wannan yawo, na dawo gida da ilimi cike da kai. Na zaunar da Malam na karanta masa. Motar da ba ta faɗuwa a Yamai fara ce ko ruwan toka. Ƙirar Japan ce, don kayanta suna nan zube a kasuwar ƙarfe. Fentinta na asali ne, don da mai saye ya ga sabon fenti zai ce an yi haɗari an rufe. Kontar ɗinta, wato agogon nan da ke ƙirga tafiya, bai yi nisa ba. Tana da tsayi daga ƙasa, tana da ƙofa huɗu.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, wannan da kika kwatanta ai taksi ce."

Na yi dariya har na ƙware, don gaskiyarsa ce. Sai ya gyara zama, ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba, wato ciniki. Ya ce launi ya bar mini. Ƙasar da aka ƙera ta ma ya bar mini. Amma gajera dai, kuma kujera biyu, a nan ba ya motsawa.

Na taso masa. "Kujera biyu a garin nan? In an yi suna ko rasuwa wa za ka ɗauka, wa za ka bari? Ka wuce maƙwabci a rana ka ɗaga masa hannu? Ai sai a ce mun yi kuɗi mun daina sanin mutane!"

Ya ce, "Biyu sun isa."

Na ƙara wasu maganganun, ya ƙara cewa biyu sun isa. A nan muka tsaya.

Wanda ya samo mana ita wani dillali ne Bazabarme, haifaffen Yamai, mai tumbi da waya uku. Hausarsa ta kasuwa ce, yakan ce mini "kai" ya ce wa Malam "ke", amma ni zan gyara masa a nan don ya yi mana kirki. Shi kaɗai ya gano ni. Zuwana na uku wurinsa ya ce, "Hajiya, kala suru, yi haƙuri in tambaye ki. Motar maigidan nan da kike sayarwa kullum, ba ta da ƙafa ne? Ba ta taɓa zuwa ba. Ke saye za ki yi." Na ce to, tunda ka gane, nemo. Bayan kwana ashirin ya kira ni. Fara ce sol, ƙirar Japan, gajera, kujera biyu, an lulluɓe kujerun da leda. Ya dafa ta ya ce, "Irin wannan ba su da yawa a gari, kuma akwai yaran masu kuɗi da ke nemanta. In kika riƙe mini abu uku, fenti da kontar da kujeru, bayan shekara biyu ni da ƙafata zan zo in saya, kuma ba za ki yi kuka ba." Wannan magana ta shiga kaina ta zauna daram.

Ranar da aka ba mu makulli, Malam ya sa farar shaddarsa ta Sallah. Farmi, takardar izinin tuƙi, yana da shi tun yana saurayi, yakan kuma tuƙa motar ƙaninsa in an je biki, don haka hannunsa bai manta ba. Ya shiga, ya miƙo hannu ya buɗe ɗaya ƙofar daga ciki ya ce, "Bismillah, Hajiya." Na ce a'a, ya yi gaba, ni zan bi shi a taksi in ga ko tana hayaƙi ta baya. Haka kuwa aka yi. Ni da mai taksi muka bi shi tun daga filin har Banifandu, idona a kan bututun hayaƙi. Ba ta yi hayaƙi ba, na sauka ina murna kamar na ci riba.

Daga nan na kafa dokoki. Na sa aka yi mata rumfar kwano a tsakar gida. Na kai wa tela ragowar atamfofi ya haɗa mata mayafi, ta zama mota mafi ado a unguwa ko da a rufe. Leda ba za a cire ba. Ba hawa burji, sai kwalta. Ba fita in hadari ya haɗu. Ba zuwa kusa da kasuwa, inda masu amalanke ke tafiya kamar hanyar ta gidansu ce. Ranar Juma'a ya je masallaci ya dawo, ya ɗan zaga unguwa don kada batir ya mutu, shi ke nan. Duk ranar Asabar in leƙa ta gilashi in duba kontar. Ni kuwa ban taɓa zama a ciki ba, ko sau ɗaya. Allah ya ba ni jiki, kuma na san abin da jikina ya yi wa kujerun ɗakina. Moto ya riga ya ba ƙaninsa, don haka na koma zuwa kasuwa a taksi.

Yakan gwada ni. "Hajiya, zo in kai ki kasuwa yau."

"Cikin turmutsitsin nan? Allah ya kiyaye."

"To mu je Tondibiya da yamma, mu ga gulbi."

"Kilomita nawa ne?"

Malamin lissafi ne, sai ya faɗa mini daidai. In ce ya ninka biyu, don ai za a dawo. Ya ninka. In ce to ka ji da kunnenka. Sai ya yi dariya ya bar maganar.

Bai taɓa karya mini doka ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai yanzu. Kullum bayan ya karya kumallo zai yaye mayafin, ya wanke ta, ya goge, sannan ya shiga ya zauna ya kunna rediyo, hannu biyu a kan sitiyari. Lokacin zafi ledar nan ta manne masa a baya, in ya motsa ta yi ƙara har ina ji daga madafa. Maƙwabcinmu in ya leƙo ta katanga sai ya ce, "Malam, an dawo lafiya? Ya hanya?" Shi kuma ya amsa da gaske, "Lafiya lau, yau Doso na kai. Gobe in Allah ya so Tawa." Unguwa duka ta ɗauka, har mata in sun shigo su ce a gaida matafiyi. Ni ma ina cikin masu dariya. A kasuwa kuwa har alfahari nake yi, ina ce wa maƙwabtan rumfata motarmu ko yau aka kai fili za a ce jiya ta sauka daga jirgi.

Haka muka yi wata goma sha huɗu. Ni da ba abin da ke wuce ni ban ƙirga ba, ban ƙirga watannin nan ba. Kontar nake kallo.

Wata safiya, farkon damina, na fito da shirin kasuwa na tarar da shi yana goge gilashin gaba. Ya goge, ya ja baya ya duba, ya dawo ya huhhura wurin ya sake gogewa. Na ce, "Malam, za ka huda shi."

Ya ce, "Wani tabo ne ya ƙi fita. Zo ki gani, ko kashin tsuntsu ne ya bushe."

Na matso na duba. Gilashi tas, har ina ganin fuskata a ciki. Na ce, "Ina?"

Ya nuna da yatsa. Sai ya ɗan matsa gefe don in gani da kyau, ya sake nunawa, amma yanzu yatsan ya koma wani wuri, can kusa da madubi. Ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi farar katangarmu, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Sannan ya ninke tsumman a hankali ya ce, "A'a, bar shi. Ba a gilashin yake ba."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado da jakata a hannu. Kunyar kaina ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da tsoro, da haushi. Mutum ya roƙe ni shekara biyu, na karɓe fiye da rabi na ajiye wa wani yaron masu kuɗi da ban ma san fuskarsa ba. Ban daɗe a zaune ba, don ni ba na iya dogon kuka. Na zaro almakashina na yankan atamfa daga jaka, na fito, na buɗe ƙofar motar na kama ledar nan na shiga keta ta.

Malam ya ce, "Subhanallahi! Hajiya, lafiya? Darajar fa?"

Na ce, "Darajar ta ci gidansu. Ɗauko makulli."

Shigata motar nan ranar farko abin kallo ne. Na sa ƙafa ɗaya, na nemi kujera inda kujera ya kamata ta kasance, ban same ta ba sai can ƙasa, na faɗa tim. Ɗaurin ɗankwalina ya daki rufi ya tuɓe. Gwiwoyina suka taso har ƙirji. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron turmi ta jingina da bango tana dariya har da hawaye. Na ce ta yi ta yi, na sake ɗaurin ƙasa-ƙasa irin na tsofaffi, na ja ƙofa.

Wurin lokotoro muka fara zuwa, don haukata ba ta kai in sa shi a hanya ba tare da an duba ba. Ya ce idon hagu ne ya yi nisa, na dama yana nan da ƙarfinsa. Ya yarda ya yi tuƙi da rana kawai, ba gudu, da mutum a gefe, kuma mu riƙa dawowa duk wata. Muna fitowa na ce, "Tondibiya."

Kai, ashe haka motar nan take! Muna barin cunkoson gari, hanya ta buɗe, Malam ya ɗan taka ta kaɗan, sai na ji kujera ta rungume ni ta baya, injin ya yi wani gurnani mai daɗi. Na saki salati da ƙarfi, shi kuma ya fashe da dariya irin wadda rabona da ji tun yaranmu suna ƙanana. Na ce lokotoro ya ce ba gudu. Ya ce ai wannan tafiyar hawainiya ce a wurinta, amma ya rage. Na zama idonsa na biyu, kuma na yi aikin da bakina duka. "Jaki, Malam! Amalanke! Ga mai moto nan zai shigo, ba shi da hankali!" Shi kuwa abin da ya dame ni da shi, bini-bini sai ya juyo ya kalle ni. In ce, "Malam, kalli hanya!" Ya kalli hanya, bayan ɗan lokaci ya sake juyowa. Har muka isa ina faɗin kalmar nan.

Da muka sauka daga kwalta muka hau burji, tsakuwa ta shiga dukan cikin motar, kowace ɗaya ina jin ta a haƙorina, amma na danne. Kusa da lambuna muka kafe a yashi. Masu ban ruwa huɗu suka ajiye aikinsu suka zo suka tura mu, suka bar mana shatin hannuwa na laka a farin fentin nan. Muka tsaya inda ake ganin gulbi, ruwa ya fara ƙaruwa ya yi ja, masunta suna ta harkarsu a kwalekwale. Na sayo soyayyen kifi da yaji wurin wata mata, muka buɗe ƙofofi muka ci a cikin mota. Mai ya ɗiga a kujerata, ɗigo babba. Na dubi tabon, Malam ya dube ni, ya daina tauna. Na ce, "Ci kifinka."

Wata bakwai muka samu. Na bar wa ƙanwata rumfa rabin yini, kuma kasuwa ba ta rushe ba. Muka je Lamorde ya nuna wa tsofaffin abokan aikinsa, suka fito daga aji da alli a hannu suna zagaya ta. Muka je Doso da gaske, muka dawo da rana tsaka, ya ce wa maƙwabci yau kam ba wasa ba ne. Ruwa ya kama mu a hanya ya fi sau biyar. Wani mai amalanke ya lotsa mana gefe, ya ja layi tun daga ƙofa har baya, na sauka na wanke shi tas, sannan na tuna ba sayarwa nake tunani ba, don daɗin faɗan kawai na yi. A cikin watannin nan kuma na shiga oto-ekol koyon tuƙi, ni da furfurata a tsakiyar ƴan makaranta. Sau ɗaya na faɗi jarrabawar farmi, don na yi wa mai jarrabawar gardama. Na biyu na kama bakina na ci.

Ba lokotoro ne ya karɓe makullin ba. Wata ranar Laraba mun dawo daga gulbi, ya shigar da ita rumfa, ya kashe, ya zare makulli ya sa mini a tafin hannu ya rufe da nasa. Ya ce, "Mai keken nan na ɗazu, ban gan shi ba sai da kika yi magana. Ya isa haka. Alhamdu lillahi." Washegari ya zagaya ya shiga ɗaya kujerar, ni na zauna a tasa.

Bayan ƴan makonni na lura in ya fito tsakar gida da rana yana lalube kafin ya kai ga motar. Ya ce farar mota da farar katanga sun zame masa abu ɗaya. Ban yi shawara da kowa ba. Na cire hoton nan daga kabad, na kai wa mai fenti tare da motar, na ce irin wannan jan nake so, kada ya rage ko kaɗan. Mutumin ya ce, "Hajiya, kin san fentin asali ne za a rufe?" Na ce na fi shi sani. Ranar da na dawo da ita, Malam yana tsaye a ƙofar ɗaki. Ya ɗaga hannu ya nuna ta tun daga nesa ya ce, "Ga ta can!" kamar yaro ya ga baƙo da tsaraba.

Dillali bai manta ba. Shekara biyu cif sai ga shi da sallama, wayoyinsa suna ta kuka, wai yana da mai saye a hannu. Na yaye mayafin. Ya tsaya, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Hajiya! Wa ya yi miki wannan aiki?"

"Ni."

Ya zagaya ta. Ya shafa gefen da amalanke ya taɓa, don fenti bai ɓoye lotsawar ba. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa cikinta ta ƙasa ya yi tsaki. Ya duba kontar ya ce innalillahi. Ya ga tabon man kifi, ya nuna mini shi da yatsa. Sannan ya ce, "Abu uku na ce miki. Uku kacal. Kin kashe ta." Ya faɗi abin da zai iya bayarwa, yana kallon ƙasa don kunya.

A ƙa'idar innata, abin da ya faɗa shi ne darajarta, sauran duk surutu ne. Na yi dariya na ce ya sha fura ya huce, motar ba ta sayarwa ba ce. Magani atamfa tana biya, kuma za ta ci gaba da biya in Allah ya yarda. Ya sha furar, ya tafi yana girgiza kai, har ya kai ƙofa ya juyo ya ce jan dai ya yi kyau.

Da ya fita, na tarar Malam ya riga ya shiga ya zauna a kujerarsa, don yamma ta yi, lokacin fitarmu ne. Na shiga na zauna, amma ban tada ta ba. Maganar da ta daɗe a maƙogwarona ta fito. Na ce, "Malam, ka yafe mini. Shekara biyu ka roƙa, na cinye maka wata goma sha huɗu a ƙarƙashin rumfar nan. Da yanzu ka zaga ƙasar nan duka."

Ya ce, "Zaga ƙasa? Wa ya ce miki ƙasa nake so in gani?"

Na juyo na dube shi.

Ya ce, "Shekara talatin ina ɗauke da ke a bayan moto. Ina jin muryarki, ina jin hannunki a rigata, amma ban taɓa tafiya ina ganin fuskarki ba. Da lokotoron nan ya ce saura shekara biyu, abin da ya faɗo mini ke nan. Da mai ƙofa huɗu muka saya, na san ki, baya za ki koma ki cika gaba da maƙwabta." Ya lalubo hannuna a kan sitiyari. "Kuma kin ga ikon Allah, idon da ke gefenki shi ya daɗe. Na gan ki, Hajiya. Wata bakwai ina kallo. Ranar da kika yi salatin nan ma tana nan, ba ta dushe ba."

Na share fuskata da bakin mayafi, na gyara ɗaurin ɗankwali, na tada mota.

Har yau muna fita kowace yamma in ba ruwa. Ba ya ganin hanya sosai yanzu, amma kunnensa yana kan injin, kuma bai fasa koyarwa ba. "Sa ta uku, Hajiya, kina sa ta kuka." In sa. Daga nan sai ya jingina, ya juyo da fuskarsa gefena, ya bar ta a haka har Tondibiya. Ban ƙara ce masa ya kalli hanya ba.